Ranar da Muka Sauko da Mayaƙan Rifkatu

Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini, abu na farko da nake gani a fuskarsa shi ne raini. Ba ni yake rainawa ba, aikin yake rainawa. A ganinsa mene ne a ciki? Ka ɗauki zane, ka buga ƙusa, ka rataya. Wani ya taɓa ce mini, "Malam Hamisu, ai ko a flat ɗinmu ni nake rataye hotuna." Na miƙa masa tef na ce ya auno mini hanyar da za mu fita da kaya. Ya auno faɗin ƙofa da tsawonta, ya dawo yana murmushi. Na ce to ina kwanar da ke bayan ƙofar? Ina fitilar da ta leƙo daga saman matakala? Bai ma gan su ba.

Shekarata ashirin da shida ina ɗaukar zanen fenti a London, ina ɗaura yadinsa a katako, ina rataye shi a gallery, wato gidan nunin zane, da gidajen mutane. A Kano kafinta ne ni, gadaje da kujeru. Da na zo nan, wata Juma'a a masallacin Regent's Park na gaisa da wani dattijo mutumin Kumasi, Baba Issaka. Bai saki hannuna ba, sai ya juya shi yana dubawa.

"Kai kafinta ne," in ji shi. "Ka zo Litinin. Ina da aiki, amma ba katako ba ne, ya fi katako fushi."

Shekara guda cur bai bar ni na taɓa zane ba. Ninke barguna nake yi, da share mota, da naɗe igiya. Sai da ya tabbatar na daina sauri sannan ya fara koya mini. Ka cire agogo da zobe kafin ka shiga. Ka juya kan bel ɗinka baya. Ba a kama zane ta fuska, ta katakon baya ake kama shi. Kafin ka ɗauki komai, ka bi hanyar hannu wofi tun daga bango har cikin mota. Kuma in ku biyu ne, ba wanda zai ɗaga sai ɗayan ya ce "na riƙe" da bakinsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa: tef, fensir, drill, filaya mai faɗin baki ta jan yadi, farar safar hannu, da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya wanda yake gaya maka ko abu ya karkace. Masu ba da aikin su ne wahala. Na taɓa rataya wa wata mata zane ɗaya sau bakwai a wani ofis kusa da Charing Cross, kowane karo ta ce a matsa da shi yatsa ɗaya hagu, a ƙarshe muka dawo ramin farko ta ce yauwa, nan ne. Wannan duk wasa ne. Aikin da nake so ku ji shi ne na Rifkatu.

Rifkatu 'yar Jos ce, a lokacin ta haura hamsin. Aikin kula da tsofaffi take yi, in ta tashi sai ta wuce ɗakin zanenta a hawa na uku na wani tsohon sito da ke bayan Old Kent Road. Ta kira ni in haɗa mata katako guda bakwai, shida matsakaita, ɗaya babba: faɗi mita uku da rabi, tsayi biyu da rabi. Babban a cikin ɗakin na haɗa shi, na ja yadin da hannuna har ya yi ƙara kamar ganga. Na tambaye ta me za ta zana da yake buƙatar wannan fili.

Ta ce, "Malam, a labaran Girkawa na da akwai wata ƙasa ta mata zalla, mayaƙa ne, suna hawan doki, suna yaƙi da gatari da baka. Na je gidan tarihi na ga yadda aka zana su a jikin tukwane. Kusan ko'ina a ƙasa suke, namiji na tsaye a kansu. Na gaji da ganinsu a ƙasa. Ni a kan dawakansu zan zana su."

Kafin na tafi na yi abin da aka koya mini. Akwai babban lift, na'urar hawa da sauke kaya, a ginin, na auna shi, zanen zai shiga har da ragowar yatsa huɗu. Na rubuta a littafina na tafi.

Sai shekarar kullen korona ta zo. Aka rufe kowace gallery, aka yi cancel na duk aikin da nake da shi. Na koma kai wa mutane saƙo ƙofa-ƙofa da motar da a da nake ɗaukar zane a ciki. A shekarar Baba Issaka ya rasu, mu shida kawai aka bari muka raka shi. Da gari ya fara buɗewa, manyan kamfanoni suka kwashe ɗan aikin da ya rage, irinmu masu mota ɗaya ba wanda yake tunawa da mu. Ina cikin wannan hali Rifkatu ta bugo waya. Wata gallery a tsakiyar gari ta karɓi zanenta bakwai, karo na farko a rayuwarta. Za a buɗe ranar Talata. Ta gaya musu ni kaɗai ta yarda na taɓa mata kaya.

Ta ce, "Ba za ka zo ka sake dubawa ba?"

Na ce, "Na auna tun bara, yana cikin littafi."

Wannan maganar ita ce kuskuren da ya fi kowanne girma a aikina. Ranar Alhamis na iso da abokin aikina Mumuni, ɗan Accra, ƙato ne marar yawan magana. Muka tarar babu lift. A cikin shekarar nan mai ginin ya ba wata coci hayar hawan ƙasa, aka cire lift ɗin da ya lalace, aka toshe ramin da bulo aka mai da wurin kicin. Ita Rifkatu kullum ta matakala take hawa, bai taɓa zuwa mata a rai ba. Matakalar kuwa ko katifa sai an lanƙwasa.

Muka sauke shidan lafiya. Sannan na tsaya gaban babban. Mata ne tara a kan dawakai, ja da baƙi da ruwan ƙasa, garkuwarsu kamar jinjirin wata. Fuskokin ba na Girkawa ba ne, irin fuskokin da za ka gani ne a kasuwar Jos. A tsakiya babbarsu ta ɗaga gatari, dokinta ya miƙe a ƙafa biyu. Da wuƙa Rifkatu ta shafa fentin, a wasu wuraren kaurinsa ya kai yatsa.

Baturen da ke da gallery ɗin ya zo da kansa da ya ji labari. Ya duba matakala, ya duba zane, ya ce abu mai sauƙi ne, a cire yadin daga katako a naɗe shi kamar darduma.

Na tambayi Rifkatu, "Yaushe kika sa fenti na ƙarshe?"

"Sati uku."

Na ce masa ba zai yiwu ba. Fentin mai in ya yi kauri haka kamar tuwo yake, sama ta yi fata, ciki da sauran laushi. In aka naɗe, inda ya bushe zai tsage, inda bai bushe ba zai manne da ɗan'uwansa. Ya ce to a kawo crane, motar ɗaga kaya. Na riga na yi waya: lungun da ke shiga bayan ginin mota babba ba ta wucewa, ta gaba kuwa sai hukumar unguwa ta ba da izinin tare titi, sati biyu. Ya ce hoton wannan zanen ne a jikin duk takardar gayyata, in babu shi gara a ɗaga bikin, kuma bai san yaushe zai sake samun gurbi ba. Ya juya ya ce da Rifkatu tun farko ya ba ta shawarar ta ɗauki babban kamfani.

Ni ta kalla ta ce, "Malam, akwai hanya ko babu? Ka faɗa mini gaskiya."

A ƙarshen ɗakin akwai wata doguwar ƙofa a jikin bango wadda take buɗewa ga iska kawai, ta nan ake jan kaya a zamanin da ginin yake sito. Fenti ya manne ta shekara da shekaru. Na kankare, muka buɗe. A samanta wani ƙarfe ya miƙe waje kamar mita biyu. A ƙasa, hawa uku, filin bayan coci ne na siminti. A gefe kuma akwai matakalar ƙarfe ta gudun gobara da ta bi jikin bangon har ƙasa.

Na ce, "Akwai. Amma ba ni da tabbas a kanta sai gobe."

Juma'a gaba ɗaya a shiri ta tafi. Na yi wa zanen keji na katako, yadda komai ba zai taɓa fuskarsa ba, don ba a rufe ɗanyen fenti da bargo. Na rataya tayar jan igiya a ƙarfen. Saura gwaji, don ba zan ɗora aikin shekara guda a kan ƙarfen da ban san shekarunsa ba. Na sauka kicin ɗin cocin na yi sallama. Wata dattijuwa gajera mai faɗin kafaɗa tana wanke tukunya, suna kiranta Mama Saratu, mutuniyar Kafanchan. Na ce ina neman aron buhunan shinkafa shida.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Baban wa zai ci shinkafa buhu shida?"

Na yi mata bayani. Ta ce na bikin gobe ne, in ƙwaya ɗaya ta zube ni da ita ne. Muka rataye buhunan awa biyu, nauyinsu ya ninka na zanen. Ƙarfen bai motsa ba. Na yi booking na mutum biyu ƙwararru da za su riƙe igiyoyin ƙasa, don zane mai wannan faɗi in yana rataye a sarari kamar laima yake a hannun iska, dole a sami masu riƙe kusurwoyinsa biyu daga ƙasa kada ya juya.

Asabar ƙarfe bakwai na safe muna nan. Bakwai da kwata saƙo ya shigo: ɗaya ya tashi da zazzaɓi, ɗayan a motarsa zai zo, don haka shi ma babu. Na kira duk wanda na sani, ba wanda zai iso kafin sha ɗaya. Hasashen yanayi ya ce iska za ta tashi daga ƙarfe goma, ruwa ya biyo baya har Talata. Tuni ma na fara jin ta jefi-jefi tana kaɗa ledoji a lungun.

Mumuni ya ce, "Maigida, mu biyu ba ya yi. Ni ina sama, kai kana gefe. Wa zai kama ƙasa?"

Na sauka filin ina kallon sama, ina shirya yadda zan gaya wa Rifkatu an fasa. Mama Saratu da wasu mata uku suna bakin kicin suna yanka albasa. Ta ji duk wayar da na yi.

"Igiya ce kawai za a riƙe?" in ji ta.

"Mama, ba igiyar shanya ba ce. In iska ta buga, za ta ja ku kamar bijimin sa."

"Ka taɓa riƙe sa?"

"A'a."

"To ni na riƙe." Ta goge hannu a zaninta ta kira sauran. "Ku rage wuta, ku zo."

Na san abin da Baba Issaka zai ce da yana raye. Na kuma san in wata ta ji rauni, ba zane kaɗai na rasa ba. Duk da haka na ja layi da alli a ƙasa, nesa da inda kaya zai faɗo in igiya ta tsinke, na ce ko me ya faru kada wadda ta tsallake shi. Biyu a igiyar hagu, biyu a ta dama. Safar aiki biyu gare ni, sauran suka naɗe hannu da tsumman kicin. Na ce kalma biyu kawai za su ji daga bakina, "saki" da "riƙe", kuma kada wadda ta naɗa igiya a hannunta ko a jikinta.

Muka turo kejin waje a hankali ta gefensa. Lokacin da ƙarshensa ya bar bakin ƙofa, igiyar sama ta yi wata ƙara, ƙarfen ya amsa. Mumuni yana riƙe da babbar igiya, Rifkatu a bayansa tana tare ragowar a jikin ginshiƙi. Ni na fita kan matakalar ƙarfe da sanda mai soso a kai, ina bin zanen hawa-hawa. Muka juya shi bayansa ga bango, fuskarsa ga fili. Matan suka ɗaga kai suka ga dawakai tara a sama da su, ɗaya ta ce, "Yesu!"

"Saki. Kaɗan. Riƙe. Saki."

Hawa na uku ya wuce. Muna tsakiyar na biyu na ji iskar tun kafin ta iso, ledojin lungun suka tashi sama gaba ɗaya. Na yi ihu, "Riƙe!" Iskar ta shiga tsakanin bango da zanen ta tura gefen hagu waje. Matan hagu biyu ta ja su a tsaye, takalmansu na gurzar siminti, har ɗaya ta saki. Kejin ya juyo kamar ƙofa, gefen dama ya nufo matakalar da nake kai. A kusurwar matakalar akwai wani ƙarfe da ya fito kamar tsinin mashi, kuma na ga daidai inda zai shiga: tsakanin katakai biyu na kejin, a ƙirjin dokin tsakiya. Na kai sanda, ta zame. Ban yi tunani ba, na sa hannun hagu na tare katakon kejin, ya haɗa hannun da ƙarfen hannun matakala.

Na ji ƙarar kafin na ji zafin. Tsinin ya tsaya bai fi faɗin tafin hannu daga fentin ba. Amma iskar ba ta saki ba, tana ƙara matsawa, hannuna kuma yana ciki. Daga sama Rifkatu tana kiran sunana, Mumuni yana tambaya ya saki ko ya riƙe, ni kuwa ina fama da zare hannuna.

Muryar Mama Saratu na ji. Ita ce ta rage a igiyar hagu. Ta zagaya igiyar a ƙugunta, abin da na hana, ta zauna daɓas a ƙasa ta kafa dugaduganta a bakin kwata.

"Ku bar waccan! Duk ku dawo nan! Ku ja!"

Su huɗu suka taru a igiya ɗaya. Tana ba su baki kamar masu daka, suna ja tare. Kejin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, na zare hannuna na cusa shi a hammata. Da iskar ta lafa na ce, "Mumuni, saki, kada ka tsaya." Bai tsaya ba har katakon ya zauna a kan bargunan da muka shimfiɗa. Ƙarfe tara saura minti goma.

Rifkatu ta sauko da gudu. Ba ta kalli zanen ba, hannuna ta kama, aikinta ne ta san abin da take gani. Ta ce asibiti yanzu. Na ce sai an ɗaure kaya a mota. Muka yi musu, na ci, don Mumuni bai iya ɗaurin shi kaɗai ba. Na tsaya ina faɗa masa inda zai sa kowane maɗauri, sannan na yarda aka tafi da ni. Yatsu biyu sun karye, ƙaramin da na kusa da shi. Har yau ba sa lanƙwasuwa, shi ya sa kuke gani ba na ɗaukar kaya mai nauyi, sai dai na tsaya na nuna. Mama Saratu kuwa fatar tafin hannunta ta saluɓe, igiyar ta bar mata shaida a ƙugu. Aka naɗe mata hannu, ta koma ta ƙarasa shinkafar biki tana ba da umarni da haɓa.

Ranar Talata Rifkatu ta gayyaci matan huɗu. Suka zo da manyan ɗaurin kai, suka ratsa cikin Turawa masu riƙe da kofuna suka tsaya gaban babban zanen. Ina gefe da hannu a rataye. Mama Saratu ta daɗe tana kallo. Rifkatu ta matso ta ce, "Mama, yaya kika gani?"

"Dawakan sun yi kyau," in ji ta. Sai ta nuna babbar tsakiya da hannunta mai bandeji. "Amma wannan ba ta taɓa faskare ba."

"Kamar yaya?"

"Dubi yadda ta kama ƙotar gatarin, can kusa da kai, yatsu a jere kamar mai riƙe cokali. In ta sara haka, wuyan hannunta ne zai tafi. Da haka muka kama igiyar nan, da yanzu ana share ta da tsintsiya."

Na ɗauka Rifkatu za ta ji haushi, ga mutane, ga Baturen gallery yana jira ya gabatar da ita. Ta tsaya tana kallon hannun da ta zana kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ce, "Mama, in hannunki ya warke, za ki zo sama ki riƙe mini gatari?"

"In ba ranar girki ba ce."

Bayan wata huɗu Rifkatu ta kira ni in haɗa mata sabon katako, ya ma fi wancan girma. Na hau na tarar da Mama Saratu zaune a kan kujera da gatari a cinya, tana ƙorafin an hana ta motsi. Na ajiye jakata, na ɗauki tef na koma ƙasa, na auno matakalar tun daga ƙofar titi, kowace kwana, kowace fitila. Da na dawo na ce da Rifkatu falle uku zan yi shi, a haɗe su a bango.

Ta ce layin haɗin zai ratsa ta tsakiyar doki.

Na ce, "To ki matsar da dokin."